Tambaya da Amsa: Mu dasa miskit ko mu nemi na gida?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni matashi ne daga wani ƙauye kusa da Gadarif a Sudan. Tunda yaƙin nan ya ɓarke a 2023 gas yayi wuya kowa ya koma gawayi, wallahi dajin bayan garinmu da muke kiwo a ciki muna yara yanzu sai kututture kawai zaka gani. Mu samari mun haɗa kai muna so mu dasa itatuwa, sai wasu sukace mu nemo miskit, itacen nan mai ƙaya, tunda shi ba ruwanshi da ban ruwa kuma nan da nan yake girma. Dan Allah meye shawara?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗana, Allah ya yi muku albarka da wannan niyya. Amma miskit kam a'a, ina roƙonku kar ku kusance shi. Ba itacen ƙasar nan bane, asalinsa daga nahiyar Amurka yake, a 1917 aka shigo dashi Sudan dan ya tare rairayi, toh ya tare ɗin amma daga baya sai ya zama alaƙaƙai, har a 1995 gwamnati ta bada umarnin a kawar dashi. Ka tambayi mutanen Kassala abinda yayi wa gonakin bakin kogin Gash, ko na Tokar da Sabuwar Halfa inda ya toshe hanyoyin ruwa. Akuya ce ke yaɗa shi, ta ci 'ya'yan ta kasayar da irin duk inda ta bi, saiwarsa ta nutsa ta shanye ruwan ƙasa, in ka sare shi kuma ya tofo ya fi da.

Yanzu ga abinda nake so ka fara yi tun kafin maganar dashe. Gobe da safe ka koma wajen kututturen nan da kace, ka tsuguna ka duba gindinsu da kyau. Da yawansu basu mutu ba, zaka ga 'yan tofo sun fito ta gefe kamar goma ko fiye, awaki na ta ɗanɗatsarsu. Saiwar tana nan da ranta a ƙasa, ta shekara da shekaru tana neman ruwa, wanda dashen da ka kawo a leda sai ya sha wahala kafin ya kai nan. Sai ka zaɓi tofo biyu ko uku masu ƙarfi ka bari, ka yanke sauran da wuƙa mai kaifi, ka ɗaura ƙyalle a jiki dan a san mai shi na nan, ka kewaye da ƙaya. Wannan shine 'yan uwanmu na Maraɗi da Damagaram ke kira sassabin zamani, tun shekarun 1980 suke yi, kuma da shi suka farfaɗo da itatuwa wajen miliyan 200 a fili mai faɗin hekta miliyan 5, galibi gawo. Ba injin ba kuɗi, wuƙa ce da haƙuri.

Inda ba kututture sai a shuka na gida. Baƙar lakar Gadarif itacen talha na sonta sosai, ga shi matanmu na nemansa dan duhan, wato turara jiki da hayaƙi. Hashab kuwa, wato dakwara, ita nafi so ku bawa ƙarfi saboda tana gyara ƙasa kuma bayan shekara 4 zuwa 5 ana fara tsaga ta a ɗebi ƙaro, kaga mutum baya sare itacen dake kawo masa kuɗi duk shekara. Bagaruwa da ake ce wa sunut sai wajen da ruwa ke kwanciya, ƙwayarta nada tauri a jiƙa ta a ruwan zafi ta kwana tukuna. Aduwa da kurna suna da nawa wajen girma amma ku sa su ko kaɗan ne saboda yara. Da farkon damina ake yi idan ƙasa ta jiƙu sosai, kuma iri ku tattara a yankinku ko ku je ofishin gandun daji.

Amma fa ɗana aikin nan ba na samari kaɗai bane. Ku fara da mai gari da liman, ku zauna da makiyaya dan in basu yarda ba dare ɗaya dabbobi zasu cinye aikin shekara, a yanka musu hanyar wucewa. Masu gawayin ma kar ku ɗauke su abokan gaba, yunwa ce ta kai su, a yarda dasu su riƙa sassabe reshe su bar uwar. Iyaye mata kuma a basu rassan da kuka rage su yi girki. Sannan ku tuna wa masu manyan gonaki cewa dokar gandun daji ta ce a bar kashi 10 cikin 100 na gonar damina ga itatuwa, kashi 5 a gonar ban ruwa.

Ku kira gayya, nafir ɗin da muka sani, ran Juma'a bayan an sauko masallaci, ku ɗauki fili ɗaya ƙarami da zaku iya tsarewa ku ƙirga kututturen dake ciki. Bayan damina ka sake rubuto min nawa suka tashi.