Kada ka ɗauke wa ɗanka Hausa don Turanci ya zauna

Wani ɗan'uwa mazaunin Ingila ya rubuto yana cewa: "Aikin dare nake yi, da rana sai barci. Ɗana yana da shekara biyu da rabi amma bakinsa bai buɗe sosai ba. An ce harshe biyu ne ya rikita shi, mu koma Turanci zalla a gida. Haka ne? Ni kuma me zan iya yi, tunda uwarsa ce ke wuni da shi?"

Malam, Allah ya raya shi, ya yi masa albarka. Harshe biyu ba ya jinkirta maganar yaro. Masana ci gaban yara sun daɗe da tabbatar da haka. Idan za ka ƙirga kalmominsa, haɗa na Hausa da na Turanci ka ƙirga tare. Idan ya cakuɗa su a jimla ɗaya ma ba rikicewa ba ce. Turanci zai same shi har inda yake, domin a Ingila yaro na shiga ajin farko a watan Satumba bayan ya cika shekara 4. Hausa kuwa daga bakinku kaɗai za ta fito, kuma idan ta kuɓuce, ranar da kakarsa ta kira sai dai su yi ta kallon juna.

Sai dai kada ka zauna jira. Galibin yara kan fara haɗa kalmomi biyu, kamar "Baba zo", wajen shekara 2. Idan naka bai fara ba, ko ba ya waiwayowa in an kira sunansa, ku faɗa wa ma'aikaciyar lafiya mai duba yara, wadda dama ke yin binciken 'yan shekara biyu zuwa biyu da rabi, ko ku ga likitanku. Ka nemi a gwada kunnensa, don ruwa kan taru a bayan dodon kunne ya rage ji ba tare da iyaye sun lura ba. Ganin masu gyaran magana na NHS, wato tsarin kiwon lafiya na gwamnati, kyauta ne, amma layin yakan yi tsawo, gara a sa sunansa da wuri.

Abin da ya fi damuna a wasiƙarka shi ne yadda ka ɗauka ba ka da rabo a wannan aiki. Kana da shi. A 2018 masu bincike daga jami'o'in MIT da Harvard na Amurka sun gano cewa, a wajen yara 'yan shekara 4 zuwa 6, musayar magana da babba, ka faɗa ya mayar, ta fi yawan kalmomin da ke wucewa ta kunnensu alaƙa da aikin sashen harshe na ƙwaƙwalwa. Wannan ba ya cin awanni. Ka dawo da safe kana cire takalmi, ya nuna ya ce "ta". Tsuguna ka ce, "E, takalmi. Takalmin Baba. Ina naka?" Sai ka yi shiru ka jira shi. Jiran nan shi ne ya fi wa iyaye maza wuya, mukan yi saurin amsa wa yaro tambayar da muka yi masa.

Kafin ka fita aiki, ɗora shi a cinya minti goma da littafin hotuna. Katin laburare kyauta ne, ko jariri ana yi masa. Littafin na Turanci ne? Ba komai, ba da labarin hotunan da Hausa, ka bar shi ya juya shafi da hannunsa, ko da kullum littafi ɗaya yake ɗaukowa.

Waya ba za ta maye gurbinka ba. A binciken Patricia Kuhl na 2003, jariran Amurka 'yan wata 9 sun koyi sautukan Sinanci daga mutum a gabansu, waɗanda suka kalli bidiyo kuwa ba su koya ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ɗan shekara 2 zuwa 4 kada kallonsa ya wuce awa ɗaya a rana. Kiran bidiyo da kakanni daban ne, tunda ana mayar masa da magana. Ku tsayar da rana guda a mako, ka zauna kusa da shi, ka roƙi Hajiya ta riƙa yi masa tambaya tana jiran amsarsa.