Soket ɗin Injin Ba a Yi Masa Murɗe-da-Tef

Ka tambaye ni wai idan soket ɗin sansa (na'urar da ke auna zafi ko juyin injin ta aika wa ƙwaƙwalwarsa) ya farfashe a tsohuwar DAF ko Benz, me zai hana a yanke shi, a murɗa wayoyin, a naɗe da tef, tunda dai mota za ta tashi. Za ta tashi mana, yaro, a nan Suame, unguwar makanikai ta Kumasi, cikin inuwa. Abin tambaya shi ne yadda za ta kasance idan ta ɗauki lodi ta wuce Techiman da rana tsaka.

Ba zan tsaya koya maka cire kan batir ba. Wanda bai san wannan ba ya koma sayar da ruwan leda. Abin da zan ja kunnenka a kai shi ne, babbar mota tana aiki da volt 24, amma yawancin sansa volt 5 kacal ƙwaƙwalwar injin, wato kwamfutarsa, ke ba su. Ka kawo fitilar gwaji ka dangwala a wayar sansa, kana iya ƙona ƙwaƙwalwar da kuɗinta ya fi abin da kake samu a shekara. Mitar auna wuta ake sa wa, kuma ta bayan soket. Ku yaran yanzu sai ku cusa tsinken mita ta gaba, ku buɗe bakin fil ɗin mace (ƙarfen cikin soket mai rami, wanda fil namiji ke shiga), ku ɓata abin da yake lafiyarsa ƙalau, sannan ku ce sansa ce ta mutu.

Soket ba ya lalacewa haka kawai. Zafin injin ne ke busar da robarsa har maƙallin ya karye, sai girgiza ta riƙa sassauta shi. Ko kuma 'yar robar da ke toshe bayan waya ta fita, masu wankin mota suka feshe shi da ruwa mai ƙarfi, tagulla ta yi kore. Wani lokaci ka ga komai fes amma fil ɗin mace ya saki. Ka samo fil namiji mai girma ɗaya ka zura, ka ja a hankali. In ya zame babu wani riƙo, wannan fil ya gama aiki.

Tambayar nan taka ta tuna min wani mai mota da har yau in na tuna shi raina ke ɓaci. Tsohuwar mota ce mai jigilar kaya zuwa Tamale, ya kawo ta saboda altaneta ba ta caji. Aka gyara. Ana cikin aikin sai ga soket ɗin sansar zafin ruwa, an taɓa yanke shi an murɗa an naɗe da tef, tagullar ta koma baƙa ƙirin. Aka nuna masa da yatsa a gaban direbansa. Aka yi masa bayani cewa irin wannan sansa, duk yadda ruwa ya ƙara zafi ohm ɗinta, wato yadda take tare wuta, raguwa yake yi, don haka duk wata tsatsa a mahaɗar waya ƙara ohm take yi, sai allurar zafi ta nuna ƙasa da gaskiya. Injin na tafasa, allura na cewa lafiya lau. Ya ce shi ba wannan ya kawo shi ba, masu wuta dama sun saba ƙirƙirar ciwo don su ci kuɗi. Ya ba da rabin kuɗin altaneta, ya ce sauran sai ya dawo daga arewa.

Ba su kai ko'ina ba, wajen Kintampo tiyon lagireto ya fara yoyo. Direba na kallon allura tana zaune a tsakiya, yana ta taka mota, har gasket ya ƙone kan injin ya lanƙwashe. Mutumin nan ya dawo ya tsaya a bakin gareji yana ɗaga murya, wai hannunmu ne na ƙarshe da ya taɓa wayar motarsa. Direban da aka yi maganar a gabansa ya sunkuyar da kai, bai ce uffan ba, yana tsoron a ƙwace makulli. Sauran kuɗin ya tafi ke nan. Abin da ya fi kuɗin ciwo, ya bi tasha yana ɓata sunan gareji, masu motoci da muka daɗe tare suka ɗauke ƙafa. Duk a kan soket ɗin da bai kai kuɗin man da motar ke sha daga nan zuwa Offinso da ke nan kusa ba. Allah ya isa.

Gyaran gaskiya ga shi. Ka samo soket irinsa sak daga wayar motar da aka kwance, su yanko maka shi da jelar waya kamar santimita 15 zuwa 20. Wayar salular da kuke yini kuna latsawa, yau ta yi amfani: ɗauki hoton tsohon soket kafin ka taɓa komai, don launin wayar wata mota ba lallai ya zo ɗaya ba, lambar rami ake bi. Waya ɗaya-ɗaya ake yankewa ana haɗawa. Ka riƙa feɗe ta baya har sai ka ga tagulla mai sheƙi, don baƙar tagulla ba ta ɗaukar lantarki da kyau ko ka matse ta yaya. Kaurin waya ya zama ɗaya, na sansa galibi 0.5 zuwa 1 ne a ma'aunin murabba'in milimita. Ka kuma kankare sabuwar wayar kasuwa ka duba, in cikinta fari ne to alminiyam ce aka shafa wa tagulla, jefar da ita.

A jikin injin matsewa nake yi da filayar matse fil, ba na son dalma. Dalma tana bin cikin waya ta sandarar da ita, girgiza ta zo ta karya ta daidai inda dalmar ta tsaya, a cikin roba inda ido ba ya gani. Bayan ka matse, ja da hannu ka gani. Ka zura robar nan mai tsukewa da zafi tun kafin ka haɗa, mai gam a ciki, ita ce ke hana ruwa. Mahaɗan kuma kada su taru wuri ɗaya, ka bar kamar santimita 3 tsakaninsu. In fil kaɗai za ka canza, 'yar robar toshiya ta fara shiga waya kafin matsi, kuma kada ka goge fil da sanfefa, kana cire rufin da ke kare shi ne. Feshin wanke mahaɗar wuta ya isa.

In ka haɗu da wayoyi biyu a murɗe da juna kamar igiya, ka bar su a murɗe har bakin soket. A motocin da ke da layin CAN, wato wayoyi biyun da kwamfutocin mota ke musayar saƙo ta kansu, ka cire batir ka auna tsakaninsu, ohm 60 ya kamata ka gani. In ka ga 120, layin ya katse wani wuri. Wayar sansar kiranshaf mai rigar ƙarfe ma ka mayar mata da rigarta.

Ka ɗaure wayar nesa da salansa, ka bar mata ɗan sassauci don kada nauyinta ya rataya a kan soket. Sannan ka tayar da injin, ka girgiza mahaɗar da hannu kana kallon mita. Lamba ta yi tsalle, kwance ka sake. Kuma duk abin da ka gani a motar mutum ya ƙi a gyara, ka ɗauki hotonsa a gabansa, ka kira ni in zo in ji da kunnena kafin ta fita daga garejin nan.