Ku Tambayi Kawu: Ƙirgen Tsuntsaye da Madubin Jabu

Kawu, ina so in bi masu ƙirga tsuntsaye zuwa Dagona, matattarar tsuntsayen ruwa a Jihar Yobe, kafin ruwa ya janye. Wani mai shago ya nuna mini madubin hangen nesa mai jan gilashi, an rubuta 60x90 a jikinsa, ga araha. In saya? Daga Gashuwa.

Malam, kada ka saya. Wannan jan gilashin ado ne na yaudarar ido, lambar kuma ƙarya ce. Madubin da ya ninka abu sau sittin da gaske ba ya riƙuwa a hannu, sai an kafa shi a kan ƙafafu. Irin wannan tarkacen roba ya cika mana kasuwa, muna ta zuba kuɗi saboda kwali ya yi kyau, sati biyu ƙurar hunturu ta shige ciki, ba mai gyara, mai shago kuma ya ce kaya sun bar hannunsa. Araha ba ta ado. Nemi 8x42, mai ninka abu sau takwas, ko na hannu ne, in dai na kirki ne. Ka fito da shi waje, ka saita a kan wayar lantarki. In ka ga waya biyu, ko idonka ya fara ja, ajiye masa abinsa. Kada ka biya kuɗin madubin da aka hana ka gwadawa. In aljihu bai kai ba, je haka nan, dinya da gauraka ba sa ɓuya wa ido.

Kawu, ɗaliba ce ni, ban san sunayen tsuntsaye ba, ga Maris ya shigo. Na makara ko? Daga Jos.

'Yata, kwantar da hankalinki. Babban ƙirgen tsuntsayen ruwa na duniya, wanda ake yi a watan Janairu tun 1967, ya wuce, baƙin da suka zo daga Turai ma sun fara haramar komawa. Amma shamuwa na tafe gabanin damina. Ga cibiyar binciken tsuntsaye ta APLORI kusa da ke a dajin Amurum, masu aikin taswirar tsuntsayen Najeriya, kuma duk tsawon shekara ake yin sa. Ki fita da sassafe cikin ƙungiya, da littafi da biro. Wanda ba ki gane ba, rubuta launinsa da girmansa, kada ki yi cinke.

Kawu, nawa ake biya kan kowane tsuntsu? Daga Kano.

Ko sisi. Aikin sa-kai ne, ruwan shanka ma kai za ka taho da shi.