Zuwa ga ƙanina na Gwale mai son nazarin fashewar hasken gama

Assalamu alaikum ƙanina. Saƙonka ya iso. Ka ce ka kammala digirin fiziks a Jami'ar Bayero, kana tambaya ko sai ka samu bizar Ingila kafin ka sa hannu a wannan fanni namu. A'a, daga nan Kano za ka fara, kuma a wannan makon.

Ita fashewar kanta, wadda ke faruwa can nesa a sararin samaniya tana watso gama, wato haske mafi ƙarfi wanda ido ba ya gani, ba ta jimawa. Wata ba ta kai daƙiƙa biyu, wata takan ɗauki 'yan mintoci. Doguwar yawanci mutuwar ƙaton tauraro ce, gajeriyar kuwa karon taurarin nutron biyu ne (wato curarrun ragowar manyan taurarin da suka mutu), irin wanda aka gani ranar 17 ga Agusta 2017. Mu abin da ya biyo baya muke bi. Ka san murhu bayan an sauke tuwo: harshen wuta ya mutu, amma garwashi na nan jajir har dare ya raba. To feshin da ya fito daga tauraron, wanda gudunsa ya kusa na haske, yakan daki iskar gas da ke kewaye, ƙwayoyin lantarki su yi ta juyi cikin maganaɗisu suna fid da haske. Ana kama shi a hasken eksire, wanda ake ɗaukar hoton ƙashi da shi, da hasken da ido ke gani, da kuma na rediyo, wanda kan makara kafin ya yi ƙarfi, ya kuma yi watanni. Taurarin ɗan'adam na Vela sun fara jin fashewar a 1967, amma sai a Fabrairun 1997 wani tauraron ɗan'adam mai suna BeppoSAX ya kama garwashin.

Wurin da aikin ya fi shiga raina shi ne lissafin. Kana bin hasken yana raguwa a hankali kwana da kwanaki, sai ka ga layin ya karye, ya gangara da sauri. Wannan karyewar ce ke nuna mana faɗin bakin feshin, daga nan mu gane ainihin ƙarfin da tauraron ya zubar. Ranar da na fara ganin lissafina ya hau kan ma'aunin da aka ɗauko daga sama, wallahi tasbihi kawai na yi ta yi.

Tauraron ɗan'adam na Swift, da aka harba a 2004, ya daɗe yana aiko da sanarwar fashewa cikin daƙiƙoƙi, kuma Jami'ar Lesta ta Ingila tana zuba ma'aunansa na eksire a intanet kyauta. Ka sauko da na fashewar 221009A. Sunan kwanan wata ne, 9 ga Oktoba 2022, fashewa mafi haske da aka taɓa gani. Ka koyi Python, wato wani harshen kwamfuta, ka zana yadda haskenta ya dusashe. Malamin da ya ga wannan zane a wasiƙarka ta neman gurbin karatu zai karanta ta har ƙarshe.

Kada kuma idonka ya tsaya kan Turai. Afirka ta Kudu na da MeerKAT mai farantan rediyo 64, Namibiya na da H.E.S.S., na'urorin hangen hasken gama, cibiyoyin lissafi na Afirka da ake kira AIMS kuma suna ɗaukar nauyin ɗalibai a digiri na biyu.

Nan akwai sanyi da kewar gida, ga azumin bazara mai tsawo, amma ana jurewa. Idan ka gama zanen ka turo mini mu duba tare. Ka gaishe da su Baba.