Kuɗin fito: lissafin da ya kamata a yi kafin a sayi kaya daga waje

Tambaya: Na sayi takalma da jakar hannu a wani shagon intanet na ƙasar waje, na biya kuɗin kaya da na dako gaba ɗaya. Da kayan suka iso, kamfanin da ya kawo su ya ce sai na ƙara wasu kuɗi kafin a miƙa mini. Ba cuta ba ce wannan?

Malam, mai yiwuwa ba a cuce ka ba. Abin da ka biya a shagon kuɗin kaya ne da ladan ɗauko su zuwa ƙasarku. Gwamnatin ƙasarku kuma tana da nata haƙƙin a kan duk abin da ya tsallako iyaka, kuma shagon bai karɓar mata ba sai in ya faɗa ƙarara. Ka koma ka duba sharuɗɗan cinikin. Idan ka ga haruffan DDP, mai sayarwa ne ya ɗauki nauyin kuɗin fito da haraji har kaya su iso ƙofarka, don haka ka tura wa kamfanin dakon shaidar hakan. Idan DAP ka gani, ko ba a rubuta komai ba, nauyin a wuyanka yake.

Yawanci abu uku ne a cikin takardar da suka miƙo maka. Na farko kuɗin fito, wanda jami'an kwastam ke yankewa bisa irin kayan. Na biyu harajin VAT, wato harajin da ake ɗorawa a kan sayen kaya, ko makamancinsa. Na uku ladan kamfanin dakon kansa, saboda shi ya cike takardu ya biya kwastam a madadinka. Wannan na ukun ba na gwamnati ba ne, kuma a kan ƙaramin kaya yakan fi kuɗin fiton kansa yawa. Ka nemi a rarraba maka su ɗaya bayan ɗaya, tare da rasit ɗin kwastam.

Ga yadda lissafin yake tafiya, da alƙaluman misali kawai. A ce kayan dala 200 ne, dako dala 40, inshora dala 10. Yawancin ƙasashe suna haɗa ukun nan, su ɗora fito a kan jimillar, wato dala 250. Wannan tsari shi ake kira CIF. In fiton kayan kashi 20 cikin ɗari ne, ka ga dala 50 ke nan. Inda mutane suke tuntuɓe shi ne VAT: ba a kan dala 200 ake lissafa shi ba, a kan dala 300 ne, domin sai an ɗora fiton a kan jimillar tukuna. In VAT kashi 10 ne, dala 30. Kayan da ka gani dala 200 a allo sun tsaya maka dala 330 tun ba a sa ladan kamfanin dako ba. Wasu ƙasashe, irin su Amurka, ba sa sa kuɗin dakon ƙasa da ƙasa a cikin ƙimar da suke ɗora wa fito, amma su ne 'yan tsiraru. Ka kuma sani kwastam da nasu farashin canji suke juya kuɗin, na lokacin da aka gabatar da takardun kayan, ba wanda bankinka ya cire maka ranar ciniki ba.

Shi kuwa kason fito, daga lambar kaya yake fitowa. Hukumar Kwastam ta Duniya da ke Brussels tana da tsarin da ake kira HS, wanda ya fara aiki a 1988, kuma ƙasashe da yankuna sama da 200 suna amfani da shi. Kowane irin kaya yana da lamba mai alƙaluma shida da duk duniya ta yarda da ita, sannan kowace ƙasa ta ƙara nata a baya ta ɗora kasonta. Takalmin fata da na roba lambarsu daban, rigar auduga da ta zaren roba haka. Shi ya sa idan mai sayarwa ya yi kasala ya rubuta "kayan sawa" kawai, jami'in da ke duba kunshin zai zaɓi lambar da ya ga ta dace, kuma ba lalle ta zo maka da sauƙi ba. Idan kana ganin an sa wa kayanka lambar da ba tasu ba, kana da damar neman a sake dubawa, da hoton kayan da bayanin abin da aka yi su da shi. Ka yi da wuri, don lokacin ƙorafi ƙayyadadde ne, kuɗin ajiya a sito kuma ba ya jiran a gama gardama.

Tambaya: Ina saro mayafai da turare kaɗan-kaɗan daga waje. Mai sayar mini ya ce zai rage farashin a takarda, ko ya rubuta cewa kyauta ce, don fiton ya yi mini sauƙi. In yarda?

Hajiya, kada ki yarda. Ke ce mai shigo da kayan a idon doka, shi yana can ƙasarsa ba abin da zai same shi. Ƙa'idar da ƙasashen Ƙungiyar Ciniki ta Duniya suka amince da ita ita ce a ƙimanta kaya da ainihin kuɗin da aka biya. Idan jami'i ya ga farashin bai yi kama da kayan ba, zai nemi shaidar biya daga banki ko katinki. Nan take bambancin zai fito, a sake ƙimanta kayan, a ɗora tara, a wasu lokutan a ƙwace su, kuma sunanki ya shiga cikin waɗanda ake buɗe wa kaya duk lokacin da suka zo.

Akwai asarar da ba a cika tunawa da ita ba. Idan kunshin ya ɓace ko ya lalace a hanya, diyyar da za ki nema ba za ta wuce abin da aka rubuta a takarda ba. Kayan dala 500 da aka rubuta dala 50, dala 50 za ki bi.

Batun kyauta kuwa, rangwamenta na abin da mutum ya aiko wa mutum ne jefi-jefi ba da ciniki ba, kuma yana da iyaka. Mayafai dozin uku iri ɗaya daga shago ba wanda zai ɗauke su kyauta. Turaren ma yana da tasa matsalar: mai ɗauke da sinadarin barasa yana cikin kayan da ke iya kama wuta, gidajen waya da yawa ba sa ɗaukarsa ta jirgin sama, sai kamfanin da ke da izinin irin wannan dako. Hanyar halal ta rage fito tana nan. Ki tabbatar an sa lambar da ta dace, ki kuma tambayi inda aka ƙera kayan, domin idan ƙasarku tana da yarjejeniyar ciniki da waccan ƙasar, takardar shaidar asalin kaya tana iya sauke kason. Inda aka ƙera ake dubawa, ba inda aka aiko daga ba.

Tambaya: An ce mini ƙananan kaya ba a biya musu komai. Gaskiya ne?

Ya danganta da ƙasa, kuma wannan ƙofa tana ta rufewa. Tarayyar Turai ta soke rangwamen VAT na kayan da ba su wuce Yuro 22 ba tun 1 ga Yulin 2021. Amurka, da ta daɗe tana barin kayan da ba su wuce dala 800 ba su shiga ba fito, ta dakatar da hakan a ƙarshen Agustan 2025. Ka duba shafin hukumar kwastam ta ƙasarku a ranar da za ka yi cinikin, kada ka dogara da abin da wani ya biya bara. Raba oda ɗaya gida uku don kowanne ya faɗo ƙasa da iyaka ba dabara ba ce: in sun iso tare da suna ɗaya, ana iya haɗa su a ƙimanta su a dunƙule, ga kuɗin dako sau uku ka riga ka biya.

Tambaya: Fiton ya fi ƙarfina. In na ƙi karɓar kayan, za a maido mini da kuɗina?

Ba kai tsaye ba. Ko dai a mayar wa mai sayarwa, ya cire kuɗin dakon zuwa da dawowa kafin ya ba ka saura, ko kayan su zauna har wa'adinsu ya cika a yi gwanjonsu ko a lalata su. Ka rubuta wa shagon kafin ka ce ba ka so, ka sami amsarsu a rubuce. Idan kuma saƙon neman kuɗin ta waya ya zo maka da wani adireshin intanet, kada ka danna. Ka shiga shafin kamfanin dakon da kanka, ka sa lambar bin sawun kunshinka, ka ga ko da gaske akwai bashi a kansa.