Kawu, ga yadda muke zaune da dajin Dindir

Kawu, Allah ya ƙara maka lafiya. Ka tambaye ni ko da gaske ne Hausawan Sudan na shiga gandun dajin gwamnati su yi su, su tsinko kaba. Ka ce ku a Bauchi kowa ya san inda Yankari ya fara, to me zai kai mutum ƙetare iyaka? Da gaske ne, ba zan ɓoye maka ba. Amma ka saurari yadda abin yake.

Sunan dajin Dindir, yana jingine da iyakar Habasha. Turawan Ingila ne suka keɓe shi a 1935. Faɗinsa yanzu ya kai murabba'in kilomita dubu 10, ya ninka Yankari sau huɗu har da ɗoriya. Koguna biyu ke shayar da shi, Dindir da Rahad, duka daga duwatsun Habasha suke gangarowa. Da damina su cika su batse, da rani su koma yashi, sai gurabe da tafkunan da ake ce wa maya. A bakin waɗannan mayoyi ɓauna da gwambaza da gadu ke shan ruwa, zaki na laɓe yana jiransu. Raƙumin dawa kam ya ƙare tun muna yara.

Kakanninmu ta hanyar Makka suka zo, wasu kuma sun biyo Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, bayan yaƙin Burmi da aka yi da Turawa a 1903. Ba su zo da ƙasa a kafaɗa ba, abin da suka samu shi ne gaɓar kogi. Noman da muke yi a nan juruf ake kiransa, ɗan'uwan fadamarku ne: ruwa na janyewa muna binsa da dashe, albasa, tumatir, kuɓewa, kabewa. Da mun huta sai mu sa taru, mu shanya kifi, wanda Larabawa ke ce wa kajek. Gonar juruf kuwa roƙonta ake yi wurin shaihun gari, a yi shaida da baki, a shafa fatiha. Babu takarda. A idonmu wannan amana ce da ba ta warwaruwa, amma dokar 1970 ta ce duk filin da ba shi da rajista na gwamnati ne.

Daga nan aka ƙara ƙaimin yanka daji ana bai wa masu kuɗi manyan gonakin tarakta, ana ce musu mashru'i, dawa da riɗi iya ganinka a ƙasar Gadarif da Sinnar. Suka haɗiye burtali da makiyaya. Makiyayi ya waiga gabas da yamma, babu sauran ciyawa sai cikin gandu. A 1983 aka faɗaɗa gandun, ƙauyukan bakin Rahad suka wayi gari a cikinsa ko a gefensa. Yawancin mutanen nan ba su tsallaka ko'ina ba, Kawu, iyakar ce ta taso ta same su a gida. Sannan farin 1984 ya koro jama'a daga yamma suka ƙaru a kanmu.

Ina ɗan shekara goma na bi Baba wani gurbi da asuba. A kan taɓo muka ga sawun zaki, sabo, ruwa bai gama cika shi ba. Baba ya ɗora tafinsa a kai, sawun ya kusa rufe hannun. Bai ce komai ba, ya ja ni muka koma can ƙasa muka jefa taru. Duk kifin da bai kai tsawon tafin nan nasa ba, cikin ruwa yake mayar da shi.

Ba dukanmu ne haka ba, kuma wannan yana ci mini rai. Akwai masu taru mai ƙananan ido da ke share gurbi tas, akwai masu cin zuma da ke barin wuta ta cinye daji, ga masu gawayi. Idan masu gadi suka ƙwace tarun irin waɗannan, ban ga laifinsu ba. Abin da ba na yarda da shi shi ne a haɗa mai albasa da mai tarakta a ce laifinsu ɗaya.

Ka tuna abin da ya faru a jihar Nilu Shuɗi a 2022, lokacin da Hausawa suka nemi a ba su sarautar gargajiya tasu, aka ce baƙi ba su da ƙasa, ɗaruruwan rayuka suka salwanta. Shi ya sa maganar iyakar daji ke tsaya mana a wuya. Dattawanmu abu biyu suke roƙo: a ba mu takardar juruf ɗinmu, a kuma sa mana lokacin su da izini, mu da kanmu mu tsare girman idon taru. Yaƙin da ya ɓarke a 2023 ya dakatar da komai, har garin Dindir kansa ya faɗa cikinsa a 2024. Ku sa mu a addu'a, ka gaida Inna da yara.