Jari ya karye, zuciya ta mutu: in sayar da fili in rama?

Wani bawan Allah mai sayar da kayan waya a Kano, su caja, batir, iyafis da gilashin fuskar waya, ya turo min dogon saƙo, zan taƙaita shi. Shekararsa tara a sana'ar. Farkon 2023 in ya ƙirga kayan shagonsa suna kai miliyan biyar, yau ya ce da kyar su kai biyu. Yana bin mutane bashin wajen dubu 800, shi kuma dilan da yake sarin kaya a wajensa yana binsa dubu 600. Ya ce abin da ya fi damunsa ma ba kuɗin ba ne, zuciyarsa ce ta mutu, da shi ke fara buɗe shago a layinsu, yanzu sai azahar yake fita, wata rana ma ba ya fita sai ya ce wa iyali ba ya jin daɗi. Sai ga wani abokinsa ya kawo masa shawara ya sayar da filin da yake da shi, ya zuba kuɗin a wata harkar kirifto da ake ba da ribar kashi 30 duk wata, wai cikin wata shida ya dawo inda yake. Tambayarsa: ya yi ko kar ya yi, kuma yaya zai yi ƙarfin gwiwarsa ya dawo?

To Malam, Allah Ya mayar da alheri. Amsar ta farko gajeriya ce, kar ka taɓa filin nan. Amma na san in na tsaya a nan gobe abokin naka zai dawo da hoton alat a wayarsa ya nuna maka, ka sake shiga wasiwasi, don haka bari mu yi maganar abin da ke faruwa a cikin kanka, don a nan matsalar take.

Ka tambayi kanka tsakani da Allah, a 2022 lokacin da shago ke cike, da wani ya zo ya ce ka sayar da fili ka ba wasu mutane da ba ka taɓa ganin fuskarsu ba su juya maka, za ka saurare shi? Dariya za ka yi masa. To me ya canza, harkar ce ta zama mai kyau? A'a, kai ne ka yi asara. Wasu masana halayyar ɗan Adam biyu, Daniel Kahneman da Amos Tversky, sun yi rubutu a kan wannan tun 1979, har Kahneman ya samu kyautar Nobel a 2002 saboda irin wannan aikin. Abin da suka gano duk ɗan kasuwa ya san shi a jikinsa ko bai je boko ba: zafin rasa dubu goma ya fi daɗin samun dubu goma, kusan ninki biyu. Abu na biyu kuma shi ne ya fi haɗari, mutumin da ke cikin riba yana taka tsantsan, amma wanda ke cikin asara shi ke rungumar kasada, saboda yana so ya goge asarar gaba ɗaya a bugu guda. Shi ya sa ɗan caca ba ya tashi in an cinye shi, sai ya cire agogo ya ajiye. Yanzu haka ba riba kake nema ba Malam, ramuwa kake nema, kuma masu damfara sun fi kowa sanin ƙamshin mai neman ramuwa.

Kashi 30 a wata fa aka ce. Kai da ka shekara tara a kasuwa, wace haja ce ka taɓa gani tana ba da wannan kowane wata babu fashi, babu damina babu rani? In da akwai ta mai ita ba zai zo neman kuɗin filinka ba, banki zai je ya karɓa ya ci ribarsa shi kaɗai. MMM ma, wata harkar zuba kuɗi irin wannan, kashi 30 ɗin nan ta yi alkawari, a Disambar 2016 ta rufe asusun mutane. CBEX ta zo da sabon salo da turancin kirifto, a Afrilun 2025 mutane suka wayi gari ba sa iya cire ko sisi. Alat ɗin da abokinka ke nuna maka na gaske ne, ban ce ƙarya yake ba, amma kuɗin wanda ya shiga bayansa ne ake ba shi, kuma kuɗin filinka shi za a ba wani ya nuna wa nasa abokin. Garin neman gira kar a rasa ido.

Sai batun mutuwar zuciya, wanda ni a wajena shi ne babbar tambayar.

Na lura a saƙonka sau uku ka rubuta cewa kai ba ka da sa'a, komai ka taɓa sai ya lalace. Wannan maganar ita ke kwantar da kai har azahar, ba rashin kuɗi ba. Akwai wani masani a Amurka, Martin Seligman, da ya daɗe yana nazarin yadda mutum ke sallamawa ya daina ƙoƙari, ya ce wanda ya fi saurin karaya shi ne mai fassara masifa ta hanya uku: laifina ne ni kaɗai, haka za ta dawwama, kuma ta shafi komai na rayuwata. Ka duba saƙonka, duk ukun suna ciki. To mu warware su da lissafi, don ni ban iya lallashi ba.

A watan Mayun 2023 dala a kasuwar canji ta Wapa ba ta kai naira 800 ba. Ranar 29 ga watan aka cire tallafin man fetur, a Yuni aka saki naira kasuwa ta yi mata farashi, kafin ƙarshen Fabrairun 2024 dala ta haura 1,500. Kayanka kaf daga Chana suke zuwa, da dala ake sayo su. Ga yadda jarinka ya zube ba ka ji ƙararsa ba: ka sari katan ɗin caja dubu 50, ka sayar dubu 60, ka rubuta ribar dubu goma har ka cire biyar ka kai cefane, ka koma wajen dila ya ce maka katan ya koma dubu 85. Kuɗin da ke hannunka ba ya sayen katan ɗaya, sai ka sayi rabi da 'yan kai. Ka yi haka sau goma, shago ya rame, alhali kullum kana ganin kamar riba kake ci. Wannan ya faru da dubban 'yan kasuwa daga Farm Centre har Kwari har Singa, ga kuma wahalar takardun kuɗi ta farkon 2023 da ta riga ta tsotse ciniki. Ba kai kaɗai guguwar ta kayar ba, kuma ba wani ne ya yi maka asiri ba, na faɗi haka ne don na san wani zai zo ya ce maka hannu ne, a kai ka inda za a ƙarasa sauran jarin.

Amma kuma ba zan wanke ka tas ba. Dubu 800 a hannun mutane, a shagon da jarinsa bai kai miliyan biyu ba, wannan ba dala ba ce ta yi, kunya ce da rashin iya cewa a'a. Kuma ina da tabbacin aljihun shago da aljihun gida ɗaya ne a wajenka. Wannan ɓangaren naka ne, kuma abin farin ciki ne da ya zama naka, don shi ne kake da ikon gyarawa. Dala ba ta jin maganarka, littafin bashinka yana ji.

Kana jira ƙarfin gwiwa ya dawo sannan ka fara fita da wuri. Ba haka abin yake tafiya ba, a baibai ka ɗauke shi. Likitocin ƙwaƙwalwa ma in suna kula da mai ciwon damuwa ɗaya daga cikin hanyoyinsu shi ne su sa shi ya koma ƙananan ayyukansa na yau da kullum ko ba ya jin yi, saboda motsin ne ke jawo kuzarin daga baya. Kai ma ka sani, sau nawa ka tashi sallar asuba cikin sanyin hunturu ba don kana jin daɗi ba, amma da ka yi alwala ka fita sai jiki ya saki? Gobe ƙarfe takwas ka buɗe shago. Ko ba ka sayar da komai ba ka buɗe, ka share, ka goge gilashi, ka jera kayan. Shagon da ba shi da lokacin buɗewa kwastoma ba ya yi masa uzuri, sau biyu ya zo ya tarar da kwaɗo ya koma maƙwabcinka ke nan, kai kuma ka ga ciniki ya ragu ka ƙara karaya, ka ƙara makara, haka abin ke cin kansa.

Na san abin da ke hana ka fitowa har da idon mutane. Da kai ake kira Alhaji a layi, yara suna sauke maka kaya, yanzu kanta rabi babu komai ka jera kwalaye marasa kaya don rufin asiri. Wallahi rabin maƙwabtan naka su ma kwalayen banza suka jera, kowa ta kansa yake yi, ba mai lokacin ƙirga naka.

Ranar Juma'a da safe kafin masallaci ka rufe ƙofa ka ƙirga komai, ɗaya bayan ɗaya, a takarda, kuma da farashin da za ka sake sayo shi yau, ba wanda ka saya bara ba. Mutane da yawa suna gudun wannan ƙirgar don suna tsoron abin da za su gani, amma abin da ba ka ƙirga ba ya fi girma a cikin kai, da dare shi ke hana barci. In ka ga miliyan ɗaya da dubu 700 ne, to shi ke nan, kai ɗan kasuwa ne mai jarin miliyan ɗaya da dubu 700. Ka daina auna kanka da miliyan biyar ɗin 2023, wannan mutumin ya tafi, duk ranar da ka tashi da lissafin "saura miliyan uku in dawo" to ribar dubu takwas da ka ci ranar za ta zama kamar zagi a wajenka, alhali riba ce ta halak.

Cikin ƙirgar za ka tarar da kayan da suka kwanta, kondom ɗin waya, wato rigar roba ta wayoyin da aka daina yayi, gilashin da ba mai tambaya. Ka karya su ka sayar ko da faɗuwa ne. Na san zuciya ba ta so, tana cewa ai da tsada na saya, to kuɗin da ka saya ya riga ya tafi ko ka riƙe ko ka sake, abin da ya rage shi ne ko za su zama kuɗin da zai juya ko su ci gaba da shan ƙura. Kuɗin ka zuba a abin da ke fita kullum, caja da wayar caji da batir, gara ribar naira 200 sau talatin a rana da ribar dubu uku sau ɗaya a mako.

Dilanka kuma kar ka ɓuya masa. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, shi ma akwai mai binsa. Abin da dila ya tsana ba jinkiri ba ne, kashe waya ne. Ka je da ƙafarka ka ce Alhaji ga halin da nake ciki, zan riƙa kawo dubu 20 duk Asabar, ka faɗi abin da ka tabbata za ka iya ko da kaɗan ne, ka kuma cika. Mako shida kana cikawa da kansa zai ce ka ɗauki kaya. Masu riƙe da naka su ma ka bi su da wannan tsarin, ka rubuta sunan kowa da abin da zai riƙa kawowa, Alƙur'ani ma a ƙarshen Baƙara ya ce a rubuta bashi, ya kuma ce wanda ke cikin ƙunci a jira shi, don haka ka bambance wanda babu ce ta hana shi da wanda ya raina ka ne kawai. Wasu kuɗin ba za su dawo ba, ka cire su daga lissafi tun yanzu ka huta. Sabon bashi kuwa a dakata, kuma don Allah ka nisanci manhajojin ba da rance na waya, ga ruwa ga tozarci, ranar da ka makara duk lambobin da ke wayarka sai sun samu saƙo.

Ka yanka wa kanka albashi, abin da za ka riƙa ɗauka kullum na cefane, ka zauna da uwargida ka gaya mata gaskiya. Kana cewa ba ka jin daɗi, ita kuma ta daɗe da ganewa, shiru kawai take yi don kar ta karya ka. Mata da yawa in an gaya musu gaskiyar lamba sun fi mu iya tattali, wata ma adashenta ne zai tashi shagon.

Abu ɗaya da ba na so ka ɗauka da wasa: in ka ga barci ya ƙaurace, abinci ba ya shiga, ba abin da ke ba ka sha'awa, har ya wuce mako biyu a haka, ko tunanin gara mutuwa ya fara zuwa maka, wannan ya wuce shawarar kasuwa, ciwo ne kamar hawan jini kuma ana maganinsa. Ka je asibiti ka ga likita, ba hauka ba ne ba kuma raunin imani ba ne, addu'a da magani ba sa faɗa.

Filin kuwa, shi kaɗai ne abin da ka mallaka da faɗuwar naira ba ta cinye ba, yana nan yana ƙara daraja kana barci. Ban ce har abada ba za a sayar ba. In ka yi wata shida kana buɗewa a kan lokaci, littafi ya nuna shago na cin riba bayan an cire albashinka, bashin dila ya sauka, kuma ka ga kwastoma na tambayar kayan da ba ka da jarin kawowa, a lokacin sai mu zauna mu duba ko a sayar a ƙara jari, don a lokacin kuɗin zai shiga tukunyar da aka toshe ɓularta. In ka yi ƙirgar ranar Juma'a ka turo min lambobin uku, kayan shago, abin da kake bi, da abin da ake binka, da jerin kaya goma da suka fi fita, sai mu ga inda za a fara zuba kuɗin kayan da ka karyar.